Yadda ake shirya mota don doguwar tafiya, da abin yi idan ta tsaya a daji

Na fi shekara goma ina bin hanyar Kano zuwa Potiskum da ƙaramar mota, wani sa'in in zarce Damaturu. A duk tsawon wannan lokaci, abubuwan da suka taɓa zaunar da ni a gefen kwalta ba su wuce huɗu ba: taya, zafin inji, batir, sai mai. Kuma in don Allah za a yi, kowane karo motar ta nuna mini alama tun a gida, ni ne na yi kunnen uwar shegu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata azahar a cikin Afrilu, tsakanin Azare da Potiskum, ga iyali a mota. Tayar baya ta yi faci. Na fito hankali kwance tunda ina da safaya, na buɗe but na ɗago ta, sai na ji ta laƙwas. Shekara biyu tana kwance ban taɓa tambayar lafiyarta ba. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya ya yi mana sannu, ya danna ta da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, ai ita ma wannan ciki gare ta, tana cin iska." Sai da na ɗora taya a kan cinya bisa acaɓa zuwa wani ƙauye, muka ɓata awa uku yara na kukan ƙishi.

Kayan da ba sa fita daga but

Safaya mai iska, da jak haɗe da hannunsa. Ka haɗa da guntun katako mai faɗi da kauri, domin gefen hanyoyinmu yawanci rairayi ne, jak kuwa nutsewa yake yi a ciki.

Wilsifana. Ɗan guntun da ke zuwa da mota ba ya kwance notin da mai faci ya hau ya ɗaure da ƙafa. Sayi mai kuros, mai baki huɗu. Yawancin Toyota lamba 21 suke ci, Honda 19, Golf 17. Idan ba ka samu mai kuros ba, nemi bututun ƙarfe kamar kamu ɗaya da za ka zura wa guntun don ƙara masa tsawo.

Sifana 10, 12 da 14 ga motocin Japan, a ƙara 13 da 17 ga na Jamus da Faransa. Filaya, sukudireba mai faɗi da mai tauraro, baƙin salatif, ƙulli ɗaya na waya, da robar da aka yanko daga tsohon tiyub. Wannan robar ta sha fitar da ni kunya fiye da kowane sifana.

Wayar haɗa batir, mai kauri. Siririyar nan mai araha zafi kawai take ɗauka, ba ta tayar da komai.

Ruwa jarka ɗaya mai lita biyar don mota, ban da na sha. Baƙin mai lita ɗaya irin wanda ke cikin injinka, ƙaramin gwangwanin man birki, da fiyus kala-kala.

Tocila, abin cajin waya, igiyar ja, tsumma, da gejin auna iska. Idan aljihu ya ba da dama, ka sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da wutar mota.

Sai alamar nan mai kusurwa uku da direbobi ke kira si-koshin, da tukunyar kashe gobara. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna tambayar su a hanya, amma kada ka saya don tsoron tara kawai. Ka dubi allurar da ke kan tukunyar, idan ta bar kore to ƙarfe kawai kake yawo da shi.

Duk waɗannan ana samun su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka tafi da wanda ya san kasuwar, don jabu ya fi na ƙwarai yawa a wasu rumfunan.

1. Kai ta gareji kwana uku kafin tafiya

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne kai mota sabis ana gobe tafiya, ko ma da safiyar ranar. Bakanike mutum ne, yana manta ɗaure noti, yana barin filtar mai a sake. Idan ka yi kwana biyu kana zagaya gari da ita bayan an taɓa ta, duk abin da zai ɗiga ko zai kwance zai nuna kansa kana kusa da garejin.

A irin ƙurar da muke sha, musamman da hunturu, ni ba na wuce kilomita 5,000 ban yi juyen baƙin mai ba, kuma duk juye da sabuwar filta. Ka rubuta lambar kilomitar a takarda ka liƙa a jikin ƙofa. Kaurin man da za a zuba, ko 5W-30 ne ko wani, sau da yawa yana rubuce a murfin wurin zuba man ko a littafin motar, shi za ka bi, ba abin da ya rage a galan ɗin gareji ba. A cire filtar iska a ɗaga ta saitin rana, idan haske ba ya ratsa ta a canza.

Ka tambayi zancen taimin bel, wato bel ɗin cikin inji da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Motoci irin su Golf 3 da Peugeot 406 bel gare su, kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. Idan ka sayi motar hannu ba ka san ranar da aka canza shi ba, canza shi kawai, don a injina da yawa tsinkewarsa yana lanƙwasa bawul. Corolla ta 2003 zuwa sama sarƙa gare ta, wannan damuwar ba ta shafe ta ba.

2. Zauna da tayoyinka

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin sauran matsaloli tsayar da kai suke yi, taya kuwa tana iya kifar da kai.

Fara da shekarunta. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane raɗau alhali robar ta bushe tun a can. Matsa kusa ka duba gefenta, idan ka ga ƙananan tsagu kamar faso a dunduniya, ko wani ƙullutu ya taso, ta gama aiki, ko da zanen sabo ne. Ni duk tayar da ta haura shekara biyar ba na fita doguwar tafiya da ita a bazara. Cikin kwarin zanen kuma akwai 'yan tudu da aka yi don awo. Idan saman taya ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, ba ta ƙara riƙe ƙasa a ruwa.

Sai iska. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da ta faɗi awon da kamfani ya yanka, ga ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin PSI da ke jikin geji. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke ɗurawa idan ba ka yi magana ba, wasu ma da dukan sifana suke aunawa. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce kawai ke taka ƙasa, birki ya rage kamu, rami kuma ya fi saurin fasa ta. Ta yi kaɗan, gefen ya dinga lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta tarwatse. Ka auna da safe taya na sanyi, da gejinka. Idan ka tsaya a hanya ka ga awon ya ƙaru, kada ka rage, zafi ne, zai sauka da kansa.

Kada ka manta da ta but. Idan siririyar nan ce ta wucin gadi, 60 take ci, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Sannan ka gwada jak da wilsifana a tsakar gida, ka sassauta noti ɗaya a kowace taya ka mayar. Gara ka gano notin da ya ƙi motsi a ƙofar gidanka.

3. Buɗe bonet da safe kafin a tayar da inji

Mota ta kasance a shimfiɗaɗɗen wuri. Zaro sandar awon baƙin mai, goge ta, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Idan ka gan shi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, tafiya ta fasu sai an duba gasket.

Buɗe murfin lagireto, yanzu da yake da sanyi, ka ga ruwa har wuya, robar ajiyar da ke gefe kuma tsakanin layukanta. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin dutse da ke toshe hanyoyin lagireto a hankali, don haka ruwan sanyaya inji na kanti, kore ko ja, shi ya dace. Matsa manyan tiyo biyun da hannu, wanda ya yi laushi kamar dafaffen rogo ko ya kumbura a bakinsa a canza shi.

Man birki ya kasance kusa da layin sama. Irin da motarka ke sha, DOT 3 ko DOT 4, yana kan murfin. Idan kullum yana raguwa, akwai inda yake zuba. Na sha ganin direbobin haya suna kaɗa garin sabulu da ruwa su zuba a madadinsa. Ruwa yana tafasa idan birki ya ɗau zafi, ranar da za ka taka a gangara sai ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa.

Jijjiga kawunan batir. Idan suna motsi, ɗaure da lamba 10. Farin garin da ke taruwa a kai kuwa ruwan zafi ke wanke shi. Dubi fanbel ko ya tsattsage. Duk lokacin da aka sa maka sabo, karɓi tsohon ka jefa a but. A ƙarshe ka durƙusa ka leƙa ƙasan da ta kwana. Ɗigon ruwan esi ba komai ba ne, amma baƙi, ja ko kore magana ce.

4. Tayar da ita ka saurara

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilun gaban direba duk su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Ja guda biyu ka haddace: mai siffar buta ta baƙin mai ce, mai siffar batir ta caji ce. Sa yaro ya tsaya a baya ya gaya maka ko fitilun birki da sigina suna kamawa. Da damina ka gwada waifa. Bar ta a tsaye har ta yi ɗumi, ka tabbata fankar lagireto ta tashi da kanta.

5. Lodi, mai da lokacin fita

Kayan gyara su zama a inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhun shinkafa da akwatunan biki ba. Ka cika tanki a gidan man da ka sani, kuma kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata. Famfon mai a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, yawan tafiya a kan ja shi ke ƙona shi. Idan dole ta sa ka sayi na 'yan bumburutu, ɗora tsumma mai tsabta a bakin mazurari a tace.

Fita bayan sallar asuba. Motar da ta lalace da hantsi tana da yini guda na neman mafita, wadda ta lalace bayan magariba kuwa, a yadda hanyoyinmu suke yanzu, matsalarta ta wuce ta inji. Ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi. Ka ajiye lambar bakanikenka, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 112 ta kiran gaggawa.

6. Ta tsaya: mutane tukuna

Kunna fitilun nan huɗu masu ƙiftawa, ka gangara da ita gefe iya yadda za ta sauka daga kwalta, ko da hakan zai ci tayar da ta yi faci. Ja birkin hannu. Kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, su matsa can ƙarƙashin bishiya, kada a bar yara a ciki ko a tsaya a bayan mota. Kai si-koshin baya kamar taku hamsin, a kwana ko bayan tudu ka ƙara nisa, don tirela mai lodi ba ta tsayawa nan take. Idan babu, karya ganye ka jera kamar yadda aka saba, amma ka kwashe abinka in za ka tafi. Duwatsun da ake bari a kan titi sun kashe mutane.

Idan taya ta fashe kana cikin gudu, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, saki totur a hankali, sai gudun ya ragu sosai sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan.

7. Canza taya

Sa giya ta ɗaya, ko P idan atomatik ce. Tare tayar da ke kusurwar da ke kallon mai facin da dutse gaba da baya, misali in ta baya ta dama ce ta yi faci, ka tare ta gaba ta hagu. Sassauta notuna tun mota tana ƙasa, zuwa hagu, rabin juyi kawai. Wanda ya fara ɗagawa kafin ya sassauta zai ga taya na juyawa, ko ya tunkuɗe motar daga kan jak.

Shimfiɗa katakon, ɗora jak a kai. Bi gefen ƙasan mota da hannu kusa da tayar, za ka ji wani wuri mai kauri da 'yan tsagu biyu, nan ne mazaunin jak. A wani wurin, falen lotsawa zai yi. Kafin ka cire mai facin, tura safaya ƙarƙashin mota a kwance, in ka cire kuma ka musanya su, ko da jak ya zame motar ba za ta dira ƙasa ba. Kada wani sashe na jikinka ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.

Sa safaya, ɗaura notuna da hannu duka, sauke mota, sannan ka ƙarasa ɗaurewa a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Bayan ka yi 'yar tafiya ka tsaya ka sake taɓa su. Garin farko da ka isa, a liƙe mai facin. Kada ka ce sai an sauka.

8. Allurar zafi ta haura

Kashe esi nan take. Idan akwai hita, kunna ta har ƙarshe ka sauke gilasai, tana janye zafi daga inji. Nemi wuri ka tsaya ka kashe. Kowane kilomita da ka ƙara kana cewa bari in kai garin can, kuɗin gasket kake tarawa, wani lokaci na inji sukutum.

Ɗaga bonet ka koma inuwa, aƙalla rabin awa. Kada ka taɓa murfin lagireto. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, kana buɗewa zai yi tsiri ya same ka a fuska. Na ga wani yaron mota a Wudil da fatar hannunsa ta saluɓe saboda wannan. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, ƙarfen na iya tsagewa.

Idan babban tiyo ya huce har kana iya riƙe shi, ɗora tsumma a murfin, juya kaɗan iska ta fita, sannan ka buɗe. Zuba ruwa a hankali. A nan ko ruwan leda ne ya wadatar. Sai ka nemi dalili: tiyo ya fashe, fanbel ya tsinke, ko fanka ta ƙi tashi. Tiyon da ya tsage ana busar da shi a naɗe da salatif, a bi da robar tiyub a ɗaure tam, zai kai ka gari idan kana tafiya a hankali kana ƙara ruwa. Fanka kuwa sau da yawa fiyus ne. Jadawalinsu yana bayan murfin akwatin, kuma kala ke nuna ƙarfi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ba ka da sabo, ari na rediyo ko na wani abin da ba dole ba, muddin lambarsu ɗaya. Kada ka yarda a naɗa waya ko takardar sigari a wurin, haka motoci ke kamawa da wuta.

Za a ba ka shawarar a cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da wannan ba. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ainihin ciwon kuma, ko lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, yana nan. In ya lalace a sa sabo.

Ita kuwa jar fitilar buta, idan ta kama kana tafiya, ba a yi mata ko minti ɗaya. Kashe inji, auna mai. In ya yi ƙasa ka ƙara. In mai na nan kuma ta ƙi mutuwa, sai janwe.

9. Ta ƙi tashi

Saurari abin da take cewa. Idan ka murɗa ka ji ƙas-ƙas-ƙas fitilu na dushewa, batir ne ko kawunansa, fara da ɗaure su. Idan ƙas ɗaya ta yi fitilu kuma garau, kik ne, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, wani ya ɗan ƙwanƙwasa shi da wilsifana kana murɗawa. Idan inji na juyawa lafiya amma bai kama ba, kasa kunne wajen kujerar baya lokacin da ka buɗe makulli. Rashin jin ɗan kukan famfon mai na daƙiƙa biyu yana nufin ka duba fiyus ɗinsa.

Wajen haɗa batir da wata mota, ga jerin: jar waya a kan alamar tarawa ta mataccen, ɗaya bakin a tarawa ta mai rai, baƙar waya a alamar ɗebewa ta mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injinka, nesa da batir. Mai taimakon ya bar tasa tana aiki minti biyar kafin ka gwada. A cire a juye, na ƙarshe shi ne farko. Haɗa wayoyin nan a baibai, tarawa a kan ɗebewa, sau ɗaya ya isa ya ƙona kwamfutar mota, don haka ka haska tocila ka ga alamun da idonka, kada ka dogara da kalar murfi.

Babu waya, mai giyar hannu ana tura ta: buɗe makulli, giya ta biyu, taka kuloci, in ta ɗau gudu ka saki da sauri. Atomatik ba ta tashi da turi, kada ka wahalar da bayin Allah. Idan ta tashi amma fitilar batir ta ƙi mutuwa, ba ta caji. Duba fanbel, kashe esi da rediyo, ka nufi mai gyaran wuta mafi kusa ba tare da ka kashe ta ba.

10. Bakaniken hanya

Akwai na kirki da yawa a cikinsu, akwai kuma wanda yake ganin baƙuwar lamba ya ga kasuwa. Kira bakanikenka na gida, ka ba su waya su yi magana. Yi ciniki kafin a kwance noti ɗaya, don bayan an baje inji a ƙasa ba ka da bakin magana. Tsaya a kansa, kuma duk abin da aka ce an canza a ba ka tsohon a hannu.

Wani ya taɓa leƙa injina a wata tasha, ko makulli bai taɓa ba, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai an sauke kan inji." Na ce, "Malam, bari dai mu fara duba fiyus ɗin fanka." Shi ne ya ƙone. Na zaro wani daga cikin gwangwanin da nake tara su, na ba shi na goro, muka kama hanya. Idan gyaran ya wuce na awa biyu kuma la'asar ta yi, ni nakan nemi a ja motar zuwa gidan mai ko kusa da ofishin 'yan sanda, in sallami mai gadi, in sa iyali a motar haya, gyara ya jira safiya.